'Ya Mace da Kaki: Abin da Littattafan Zaure Suka Tanada

(Taken shiri)

  Gaisuwa ta musamman ga manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, na Kadawa da Karfi da Ɗan Hassan, masu ban ruwa a yanzu haka rediyo na rataye a reshe. Gaisuwa ga iyayenmu mata masu turara shinkafa, da dillalai da direbobi a Kwanar Gafan. Allah ya sa a kwashe amfani lafiya, ya kawo kasuwa.

Yau taki da iri za su huta, maganar soja za mu yi. Duk sa'ad da aka buɗe ɗaukar kurata, samari kan yi dafifi a shagunan intanet suna cike fom, wannan ba sabon abu ba ne. Sabon shi ne akan samu yarinya ta gama sakandare, ta ce ita ma kaki take so. Nan gida ke yamutsewa. Uba ya ce haramun ne, kada ya sake ji. Kawu ɗan boko ya ce to Sarauniya Amina fa? Uwa kuwa ta yi tagumi, ita lissafin da take yi daban ne: wa zai auri soja? A ƙarshe a bar maganar ba wanda ya buɗe littafi. Ni ɗalibi ne, fatawa tana hannun malamanmu, amma abin da aka karantar da mu a zaure ba ɓoyayye ba ne, don haka bari mu buɗe shi tare.

Mu fara daga Madina. Babu malamin da ke musun cewa mata sun fita yaƙi tare da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Imamu Bukhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa sukan fita su shayar da mayaƙa, su yi musu hidima, su kwaso waɗanda aka raunata da waɗanda suka yi shahada zuwa gari. Imamu Muslim ya kawo cewa Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai, tana tsaron kaya, tana girki, tana jinya. A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an ga Nana A'isha da Ummu Sulaim suna kai da komo da salkunan ruwa a bayansu. A yaƙin Khandaƙ kuma, da kibiya ta sami Sa'adu bin Mu'azu, tantin Rufaida aka kai shi a masallaci domin ita ce gwanar ɗaurin rauni. A yaren yau, waɗannan su ne sashen lafiya da sashen abinci da sufuri na runduna. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san cewa rundunar da ba ta da su ba ta kwana uku a daji.

To, takobi fa? Nan ma akwai. Nusaiba 'yar Ka'abu, wadda aka fi sani da Ummu Ammara, ruwa ta je bayarwa a Uhudu. Da al'amari ya juye, maharba suka bar dutse, mutane suka watse, sai ta ajiye salka ta ɗauki takobi da garkuwa ta tsaya tana kare Annabi. Ta fita da raunuka fiye da goma, mafi muni a kafaɗa. Ba ta tsaya nan ba: a zamanin Sayyidina Abubakar ta je yaƙin Yamama, inda aka yaƙi Musailama wanda ya kashe ɗanta Habibu, can aka sare mata hannu. Ummu Sulaim kuwa, a Hunaini, wuƙa ta soke a ɗamara, mijinta Abu Ɗalha ya gaya wa Annabi, da aka tambaye ta ta ce ta tanade ta ne don duk wanda ya matso kusa da ita. Annabi dariya ya yi, bai karɓe wuƙar ba. 'Yar'uwarta Ummu Haram ta roƙi a yi mata addu'a ta kasance cikin masu yaƙi ta teku, aka yi mata, ta kuma fita tare da mijinta Ubadatu bin Samit a rundunar da ta nufi tsibirin Ƙubrus zamanin Sayyidina Usman. Can ta rasu bayan dabbarta ta kayar da ita, har yau ana ziyartar kabarin da ake jingina mata kusa da birnin Larnaka.

Kada kawu ɗan boko ya yi saurin tafi. Ku lura da yadda waɗannan labarai suke: ba a taɓa jera mata a sahun farko an ce su fara kai hari ba. Yawancinsu tare da miji ko ɗa ko ɗan'uwa suka fita. Kuma da Nana A'isha ta tambaya ko mata su ma su fita jihadi tunda shi ne mafificin aiki, amsar da aka ba ta ita ce nasu jihadin mafi kyau shi ne hajji karɓaɓɓe. Wannan ma yana cikin Bukhari, littafin da ya kawo labarin masu salka. Malaman fiƙihu ba su jefar da ɗaya sun riƙe ɗaya ba, sun haɗa su suka fitar da hukunci.

Hukuncin yana cikin littattafan da muka taso muna ji ana jan baƙinsu bayan asuba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa yaƙi farilla ce da wasu ke ɗauke wa wasu, kuma ba a ba mace kaso a ganima irin na mayaƙi, domin tun asali ba ita aka ɗora wa nauyin ba. Amma ita Risalar ta ce ɗa ba ya fita sai da izinin iyaye, sai fa in abokan gaba sun afka wa gari ba zato, a nan kare gari ya zama dole, ba a jiran izini. Mukhtasar na Shehu Khalil ya ƙara fito da maganar fili: idan maƙiyi ya yi dirar mikiya, farillar tana hawa kan kowa, har da mace. Wato dai abin da aka ɗauke mata shi ne wajabci a lokacin da akwai mazan da suka isa. Sauke wa mutum nauyi daban, haramta masa daban. Jumma'a ba ta wajaba a kan mace ba, amma ba wanda ya ce sallarta ta ɓaci in ta je.

Mu a nan mun san wannan ba sai an karanta mana ba. Gyaran kanal aikin ma'aikatan hukumar Haɗejiya-Jama'are ne da ƙungiyar masu shan ruwa, ba wanda zai ce wa tsohuwa ta ɗauki shebur. Amma daren da gefen kanal ya ɓalle ruwan Tiga ya nufo gidaje, kowa buhun ƙasa yake ɗauka, ba a tambayar wane ne namiji.

Wani zai ce ai wannan ranar ba za ta zo mana ba. Allah ya sa. Amma ranar 28 ga Nuwamba 2020, manoman shinkafa irinmu ne suka fita yanka a Koshebe ta jihar Borno, washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari. A jiharmu ma, 'yan'uwanmu na Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina sun ɗanɗana harin 'yan bindiga. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi. A Adamawa, lokacin da Boko Haram ta mamaye garuruwa, wata Musulma maɗinkiya daga Gombi, A'isha Bakari, wadda ta gaji farauta a gidansu, ta ɗauki bindiga ta shiga daji tare da mafarauta maza, har aka naɗa ta sarauniyar mafarauta. Wanda ya karanta Mukhtasar ba zai yi mamakinta ba.

Yanzu bari mu ba masu hani haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce, kuma ni a ganina wani ɓangarenta ya fi ƙarfin a ture shi da sunan wayewa. Abu na farko da suke tsoro shi ne kamu. Namiji in ya faɗa hannun maƙiyi, duka ne ko kisa. Mace kuwa akwai abin da ya fi wannan ciwo, kuma mu da muka ga Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, ba ma buƙatar a yi mana bayani. Waɗanda sojojinmu ke fafatawa da su ba su san wata yarjejeniyar Janeba ba. Na biyu, shari'a ta ba mace kariya a yaƙi. Annabi ya ga gawar wata mata a fagen fama ya yi tir da kisan, dalilin da ya bayar shi ne ba mai yaƙi ba ce. Malamai suka ce ashe kariyar tana rataye da rashin ɗaukar makami, Risala ma ta ce wadda ta yi yaƙi ana yaƙarta. Saboda haka macen da ta sa kaki ta ajiye wata garkuwa da addini ya ba ta, ya kamata ta san haka tun kafin ta sa hannu a takarda. Na uku kuma shi ne wanda ya fi damun iyaye: zaman bariki. Wando da riga a ɗame, kai ba lulluɓi, atisaye kafaɗa da kafaɗa da maza, canjin wurin aiki zuwa garin da ba ta da kowa, da oga wanda in ya ba da oda ba a musu.

Ku duba na ukun nan da kyau. Duk abin da ke cikinsa tsari ne da mutane suka zauna suka rubuta, kuma abin da aka rubuta da alƙalami ana gyara shi da alƙalami. Zan dawo kansa.

Sarauniya Amina ta Zazzau kuwa, da ganuwoyin da ake jingina mata, tarihi ce abar alfahari, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Sai dai ba a kafa hukuncin shari'a da tarihin sarauta. Haka Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta tari rundunar Faransawa a 1899. Jagororin jihadin 1804 ba su kafa rundunar mata ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, rundunarta 'yan taru ne, makaminsu karatu. A bar kowa a matsayinsa.

Mu zo Nijeriya ta yau. Mata sun daɗe a soja, amma ta ƙofar jinya da likitanci da ofis. Aderonke Kale, mace ta farko da ta kai muƙamin Manjo Janar a 1994, likitar ƙwaƙwalwa ce. Sai a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, makarantar horon hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta ɗauki 'yan mata 20 a kwas na 63, a layin hafsoshin yaƙi, layin da daga cikinsa ake fitar da kwamandoji da manyan hafsoshin ƙasa. A Nuwamban 2017 jaridu suka ɗauka cewa za a rufe wannan ƙofa, wadda ta fara kawo labarin ta jingina shi ga majiyar da ba ta faɗi sunanta ba, wai wasu shugabannin Musulmin Arewa ne ba sa son wata rana mace ta shugabanci soja. Hedikwatar Tsaro ta fito ta ƙaryata, aka ci gaba da ɗauka. A 2018 rundunar sojan ƙasa a ƙarƙashin Janar Tukur Buratai ta kafa sashen mata na musamman. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fuka-fukin tuƙa jirgin yaƙi, aka liƙa wa Tolulope Arotile na jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Ita Tolulope ta yi shawagi a kan 'yan bindiga a jihar Neja kafin mota ta buge ta a barikin sojan sama na Kaduna ranar 14 ga Yuli 2020, tana da shekara 24. Ƙauyukan da ta kare daga sama, da yawa daga mutanensu sallarsu irin tamu ce.

Maganar shugabanci da aka tayar a 2017 tana da tushe a littafi, kada mu yi kamar babu. Akwai hadisin Abu Bakrata game da mutanen Farisa da suka naɗa 'yar Kisra a kan mulki, inda aka nuna ba za su rabauta ba. Jumhurun malamai sun ɗauke shi hujja a kan shugabancin ƙasa gaba ɗaya, wasu suka faɗaɗa shi, wasu kuma suka ce labari ne a kan waccan daula. Amma tsakanin shugaban askarawan ƙasa da laftanar mai kula da sadarwa ko mai tuƙa jirgi akwai tazara mai nisa. Shugaban ƙasa ne babban kwamanda a tsarinmu, kowane hafsa a ƙarƙashin wani yake. Ba daidai ba ne a ɗauko hukuncin kujera ɗaya a rufe ƙofa dubu da shi.

Ga inda ni na tsaya, kuma Kano ce ta tsayar da ni. Ku tuna ƙarshen watan Yulin 2014, lokacin da 'yan mata masu ɗauke da bam suka tashi wurare a cikin birni a 'yan kwanaki, har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha inda ɗalibai ke duba sunayensu na bautar ƙasa. Ku tuna Kantin Kwari a Disambar wannan shekara, da kasuwar waya ta Farm Centre a Nuwamban 2015. Maƙiyi ya gano cewa hijabi ba a taɓa shi, sai ya ɓoye mutuwa a ƙarƙashinsa. To, wa zai laluba mace a shingen bincike? Malam, in matarka ce a motar, hannun wa kake so ya taɓa ta? A Maiduguri dole ta sa 'yan ƙato da gora suka ɗauki mata don wannan aiki. Idan aka kuɓutar da mata daga daji, wasu da ciki, wasu da goyo, wa za su buɗe wa baki su faɗi abin da aka yi musu? Hukumar Hisba ta jiharmu, wadda ba wanda zai zarge ta da sakaci da addini, tana da dakarunta mata saboda ta san akwai ɗakin da namiji ba ya shiga. Ba zai yiwu mu ce mace kaɗai za ta binciki matanmu, sannan mu ce kada 'yar kowa a cikinmu ta koyi aikin ba. In mun hana namu, na wasu za su yi, waɗanda ba su jin Hausa, ba su san kunyarmu ba, sannan mu dawo muna ƙorafi.

Maƙwabtanmu Kirista ma gardamar tana gidansu. Masu goyon baya suna kawo Debora a Littafin Mahukunta, wadda Barak ya ƙi fita yaƙi sai da ita, da Yayel wadda ta kashe Sisera da turken tanti. Masu hani suna nuna Littafin Ƙidaya, inda maza 'yan shekara 20 zuwa sama kaɗai aka ƙirga don yaƙi. Babbar majami'ar Baftis ta kudancin ƙasar Amurka ta zartar da ƙuduri a 1998 tana adawa da tura mata bakin daga, duk da haka gwamnatin ƙasar ta ɗage hanin a 2013. A ƙasashen Musulmi kuwa, Pakistan tana da mata masu tuƙa jiragen yaƙi, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma haka, Saudiyya kuma ta buɗe wa mata shiga soja a Fabrairun 2021. Aikin gwamnati ba hujja ba ne a shari'a, na sani, amma yana nuna cewa ana iya ɗinka kaki da sutura a jikinsa.

Wannan ya dawo da mu kan tsarin bariki. A Afirka ta Kudu, wata hafsa Musulma, Manjo Fatima Isaacs, an gurfanar da ita saboda ta ƙi cire ɗankwali a ƙarƙashin hularta. Ta tsaya kai da fata, a 2021 rundunar ƙasar ta sauya doka ta halatta. A nan gida, a watan Maris 2022, Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince wa 'yan sanda mata su sa lulluɓi a ƙarƙashin hula. Ba daga sama waɗannan suka faɗo ba, wasu ne suka shiga ciki suka nema. Muna da sanatoci da 'yan majalisar wakilai, muna da Majalisar Malamai da Jama'atu Nasril Islam. Ƙarfin da ake kashewa wajen hana yarinya ɗaya a tsakar gida, da an kai shi Abuja an nemi kaki mai yalwa, da masauki daban, da masu horarwa mata, da hukunci mai tsanani ga duk ogan da ya nemi na ƙasa da shi da lalata, da ya fi amfani. Batun tafiya ba muharrami ma yana da ƙofa a mazhabarmu, tunda Imamu Malik ya yarda mace ta yi hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga, kodayake ƙiyasta aikin albashi a kan hajji sai malamai sun zauna a kai.

Ni dai ba zan tura 'yata sahun masu kutsawa daji da ƙafa ba matuƙar akwai maza, dalilina kuwa shi ne kamun nan da na ambata. Amma in ta ce likitan soja take so, ko jinya, ko sadarwa, ko leƙen asiri, ko tuƙin jirgi, ba ni da ayar da zan ɗaga mata in ce haramun.

Iyaye, in maganar ta taso a gidanku, ga abin da ya kamata ku bincika kafin e ko a'a. Ƙofofin ba ɗaya ba ne: akwai kurtu da ake horarwa a Depot ta Zariya, akwai NDA wadda sojan ƙasa ke shafe shekara 5 a cikinta kuma ba a aure sai an gama, akwai gajeren kwas na waɗanda suka riga suka yi digiri, ta nan likitoci da ma'aikatan jinya da lauyoyi ke shiga da shekarunsu da hankalinsu. Akwai kuma makarantar 'yan sanda ta Wudil nan kusa da mu. Ku nemi matar da ke cikin aikin, uwa ta zauna da ita su yi magana ta mata, ta tambaye ta kwana da wanka da salla da azumi, da yadda ake yi in aure ya zo ko ciki. Sannan ku je wa malaminku da wannan bayani a hannu, ku ce ga aikin, ga sharuɗɗansa, mene ne hukunci? Tambayar da aka kai a dunƙule, a dunƙule ake amsa ta. Kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai samo wa yaro ko yarinya gurbi, ɗan damfara ne, fom ɗin kurata kyauta ake cike shi.

Lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu karanto saƙonninku a kan wannan batu, musamman na iyayenmu mata da na malamai.  

(Taken rufewa)